Yadda Aka Koyi Tuhumar Kwamfuta: Tarihin Ruwan da Aka Ƙera da Lissafi

A watan Janairun 1957, wasu manyan masana kimiyyar fiziks suka taru a Cibiyar Fasaha ta Stevens da ke Hoboken, a jihar New Jersey ta Amurka, suna gardama a kan wata tambaya da ko yaro zai fahimta. A ce an zuba ƙwallaye masu tauri cikin akwati, irin waɗanda ba sa lotsewa, ba sa jan juna, ba sa manne wa juna, iyakar abin da suka iya shi ne su yi karo kowa ya kama gabansa. A ce suna cikin motsi ba tsayawa, sai aka riƙa matse akwatin sannu a hankali. Shin za a kai wani matsayi da za su jeru sahu-sahu da kansu, kamar yadda ƙwayoyin ruwa ke jeruwa idan ya zama ƙanƙara? George Uhlenbeck, wanda ya jagoranci zaman, ya nemi a kaɗa ƙuri'a. Aka ƙirga, aka tashi kunnen doki.

Masu cewa a'a suna da hujja mai ƙarfi. A fahimtar da aka gada, abu yana daskarewa ne saboda ƙwayoyinsa na jan juna, sanyi kuma ya rage musu kuzarin da za su kuɓuce. To, ƙwallayen da babu wata jayayya tsakaninsu, me zai riƙe su a sahu? Masu cewa i kuwa sun dogara da hasashen John Kirkwood, wanda lissafinsa na kusantarwa ya nuna alamar haka tun shekaru da dama da suka gabata. Sai dai lissafin kusantarwa kan yi ƙarya a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Abin da ya rage shi ne wani sabon shaida da ba a saba da shi ba, wato kwamfuta, kuma a wancan lokacin shaidar tata ma ta rabu biyu.

Abin da ya kai masana ga kwamfuta tun farko shi ne matsayin abu mai ruwa-ruwa a tsakanin 'yan uwansa. Iskar gas tana da sauƙin lissafi domin ƙwayoyinta na nesa da juna, da wuya uku su haɗu a lokaci guda. Daskararren abu ma yana da sauƙi domin kowace ƙwaya na da mazauninta, tana ɗan karkarwa a wurin. Mai ruwa-ruwa ya haɗa wahalar biyun: cunkoso irin na daskararre, rashin tsari irin na gas. Ɗigon ruwa guda yana ɗauke da ƙwayoyi da yawansu ya zarce lamba 1 mai sifiri 21 a bayanta. Har shekarun 1960, J. D. Bernal a Landan yana zuba ƙananan ƙwallayen ƙarfe cikin jakar roba, ya daskarar da su da fenti, ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga maƙwabtan kowacce. Haka wahalar ta kai.

Hanya ta farko ta fito ne daga Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya. A 1953 Nicholas Metropolis da Arianna da Marshall Rosenbluth da Augusta da Edward Teller suka buga aikin da suka yi da na'urar MANIAC a kan fayafai 224 masu tauri, shimfiɗe a fili kamar kwabbai a kan tebur. Arianna Rosenbluth ce ta rubuta manhajar. Dabarar ita ce a zaɓi faifai, a jefa ƙuri'a da lambobin da babu tsari a cikinsu, a gusa shi kaɗan; idan ya hau kan maƙwabcinsa a mayar da shi inda yake, idan bai hau ba a bar shi. Bayan an maimaita sau dubbai, sai a ɗauki matsakaici a fitar da matsin da fayafan ke yi. Saboda wannan jefa ƙuri'ar ne hanyar ke ɗauke da sunan Monte Carlo, garin caca. Don kada bangon akwati ya ɓata lissafi, suka yi dabarar da har yau ake amfani da ita: duk faifan da ya fita ta gabas sai ya shigo ta yamma, tamkar an kewaye akwatin da kwafinsa ta kowace fuska. Shekara guda bayan haka, Rosenbluth da mijinta suka maimaita aikin da ƙwallaye 256 a sarari mai tsawo da faɗi da zurfi. Ba su ga alamar daskarewa ba.

Hanya ta biyu ta fito daga Livermore a Kalifoniya, a hannun Berni Alder, wanda ɗalibin Kirkwood ne, da Thomas Wainwright, sai kuma Mary Ann Mansigh wadda ta ɗauki nauyin rubuta manhajojinsu na tsawon shekaru. Su babu ƙuri'a a aikinsu. Sun ba kowace ƙwallo gudu da alƙibla, suka bar dokokin Newton su yi aiki: na'ura ta lissafa wace biyu ce za su fara yin karo, ta kai su wurin, ta raba musu sabon gudu, ta nemi karo na gaba. Da ƙwallaye 32, da kuma 108, suka ga abin da Los Alamos ba ta gani ba. A wani matakin cunkoso, matsin yakan zauna a ƙasa na tsawon lokaci ƙwallayen na cikin sahu, kwatsam sai sahun ya rushe matsin ya yi tsalle sama.

Nan fa ake yin ta. A ƙa'idar fiziks ta ƙididdiga, matsakaicin da aka ɗauka ta bin ƙwallaye cikin lokaci da matsakaicin da aka ɗauka ta ƙirga dukan zaman da za su iya yi, dole su zo ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙin da Boltzmann da Gibbs suka ɗora fannin a kai. Idan hanyoyin biyu sun saɓa, ko dai ginshiƙin ya tsage, ko kuma ɗaya daga cikin na'urorin na faɗin abin da ba haka ba. William Wood na Los Alamos shi ya ɗauki aikin da ba kowa ke so ba, na komawa ya sake lissafin gidansu. Shi da J. D. Jacobson suka sake rubuta manhajar Monte Carlo suka bar ta ta yi tafiya mai nisa fiye da ta 1954. Sai ga tsallen nan ya bayyana. Ashe aikin farko babu kuskure a dabararsa, an dai tsayar da shi da wuri, tun ƙwallayen ba su manta da zaman da aka fara jera su a kai ba. A ƙarshen 1957 mujallar Journal of Chemical Physics ta buga rahotannin biyu, ɗaya na bin ɗaya, kowane na nuna sakamakon ɗan uwansa kusa da nasa.

Darajar wannan haɗuwa tana cikin bambancin hanyoyin. Manhajoji biyu ne, ƙungiyoyi biyu, dabaru biyu da ba su yi tarayya a komai ba sai siffar ƙwallon. Kuskuren da zai iya shiga lambobin ƙuri'a ba shi da ƙofar shiga lissafin karo, haka nan kuskuren lissafin karo ba zai taɓa ƙuri'a ba. Shaidu biyu da ba su haɗa baki ba sun fi taron shaidu da suka ji labari daga mutum ɗaya. Daga baya aka gane dalilin abin da na'urorin suka gani: idan cunkoso ya yi yawa, jeruwa cikin sahu na ba kowace ƙwallo sararin motsi fiye da zaman hargitsi, inda wasu ke maƙale wasu na da fili ba amfani. Tsari ne ke ƙara musu 'yanci. A 1968 William Hoover da Francis Ree suka tantance iyakokin: daskarewa na farawa idan ƙwallaye sun cike kashi 49.4 cikin 100 na akwati, tana kammala a kashi 54.5. Sai a 1986 Peter Pusey da William van Megen suka ga abin da ido, da ƙananan ƙwallayen roba da suka watsa cikin ruwan sinadari suka bar su a kwalabe, waɗanda suka daskare a kusan daidai waɗannan iyakoki. Shekara 29 ke nan tsakanin lissafi da gani.

Akwai wasu ma'aunai masu arha da magabatan nan ke gwada na'urorinsu da su kafin su yarda da komai. Jimillar kuzarin ƙwallaye bai kamata ya ƙaru ko ya ragu ba. Idan yana zurarewa, manhaja na da ciwo. Gudun ƙwallayen dole ya rarrabu yadda Maxwell ya hasashe tun ƙarni na 19, ko da an fara su duka da gudu ɗaya. Idan an sassauta cunkoso, matsin dole ya dace da lissafin da aka riga aka sani daidai tun zamanin Boltzmann. Waɗannan ba sa tabbatar da cewa sabon sakamako gaskiya ne, amma duk manhajar da ta faɗi a kansu an huta da ita.

Ƙwallo mai tauri dai almara ce, babu ita a halitta. Wanda ya kai aikin ga abu na zahiri shi ne Aneesur Rahman, haifaffen Haidarabad ta Indiya, wanda ke aiki a ɗakin bincike na Argonne kusa da Chicago. A 1964 ya kwaikwayi ruwan argon da ƙwayoyin zarra 864 a kan na'urar CDC 3600. Ya zaɓi argon ne domin ƙwayarsa kewayayya ce, ba ta ƙulla alaƙar sinadari da kowa, ita ce mafi kusa da sauƙi a cikin abubuwan da ake iya zubawa a kwalba. Don bayyana yadda ƙwayoyi biyu ke ji da juna ya ɗauki ƙa'idar Lennard-Jones: daga nesa suna ɗan jan juna, idan sun matso ƙwarai sai su tunkuɗe juna da ƙarfi. Lambobi biyu kacal ke cikinta, faɗin ƙwaya da zurfin jan. Ya sa zafin a digiri 94.4 a ma'aunin Kelvin, wato kimanin digiri 179 ƙasa da daskarewar ruwa, nauyin kuma giram 1.374 a kowace santimita murabba'in sukari, yana tura lokaci gaba da taku na kashi ɗaya cikin tiriliyan 100 na sakan. (Lambobin nan na 32 da 108 da 256 da 864 ba zaɓin son rai ba ne. Tsarin da argon ke daskarewa a kai yana ɗaukar ƙwayoyi 4 a kowane ƙaramin ɗaki, saboda haka akwati mai ɗakuna 2 ko 3 ko 4 ko 6 a kowane gefe shi ke ba da su.)

Sakamakon Rahman ya dace da abin da aka auna a ɗakin gwaje-gwaje, ta fuskar saurin yaɗuwar ƙwayoyi da kuma yadda suke kewaye juna zobe-zobe. A 1967 Loup Verlet, Bafaranshe, ya faɗaɗa aikin zuwa matakan zafi da cunkoso masu yawa, ya kawo hanyar tura lokaci da har yau ke ɗauke da sunansa, ya kuma sami dacewa mai ban mamaki da matsin argon na gaske. A 1973 aka harba ƙwayoyin niyutiron cikin ruwan argon a digiri 85 na Kelvin, aka fitar da tsarin zaman ƙwayoyinsa, zanen ya hau kan na kwamfuta kamar an kwafa.

Duk wanda ya ga wannan zai ce magana ta ƙare. Amma a 1971 John Barker da abokan aikinsa Fisher da Watts sun riga sun nuna cewa dacewar tana da ɓoyayyen bashi. Da aka auna ainihin jan da ke tsakanin ƙwayoyin argon biyu su kaɗai, daga bayanan gas da na daskararre, sai aka tarar zurfinsa ya kai kimanin 142 a ma'aunin Kelvin, alhali Rahman da Verlet sun yi aiki da kimanin 120. Kuma a cikin cunkoso akwai wani ƙarfi da ke tasowa sai ƙwayoyi uku sun haɗu, wanda B. M. Axilrod da Edward Teller suka bayyana tun 1943, galibinsa tunkuɗa ne. Ƙa'idar Lennard-Jones ta rage jan, ta kuma manta da tunkuɗar ukun, sai kuskure biyun suka kusan cinye juna. Amsa ta fito daidai, dalilin fitowarta kuwa ba wanda aka zata ba ne.

Wannan shi ne darasi mafi nauyi a duk tarihin, kuma shi aka fi mantawa. Tambayoyi biyu ne ke ɓoye cikin kalmar tantancewa. Ta farko: shin na'ura ta warware ƙirar da aka ba ta daidai? Ta biyu: shin ƙirar ta yi kama da halitta? Gwajin ɗakin bincike yana amsa su ne a dunƙule, ba ya rarrabe su. Manhaja mai ciwo da ƙira mai ciwo suna iya haɗuwa su dace da ma'auni, kamar ɗan kasuwar da mudunsa ya yi ƙanƙanta amma yana cika shi da tozo. Shi ya sa masana suka koma ɗaukar ruwan Lennard-Jones a matsayin wani abu mai zaman kansa, wanda babu shi a kowace kwalba, amma kowa na iya lissafa shi ya gwada da na wani. A kansa ake gwada sababbin manhajoji, a kansa kuma ake gwada ƙa'idojin takarda. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, tana ajiye teburorin sakamakonsa domin wannan aiki.

Wani lokacin kuma abin da ya yi kama da ciwon manhaja shi ne gaskiyar. An daɗe ana ɗauka cewa ƙwaya na manta gudunta na farko da sauri bayan 'yan karo kaɗan. A ƙarshen shekarun 1960 Alder da Wainwright suka ga wata doguwar wutsiya a zanensu: tunawar na raguwa, amma a hankali fiye da yadda kowace ƙa'ida ta yarda. Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora laifin a kan ƙanƙantar akwati. Suka canza yawan ƙwayoyi, suka zana yadda maƙwabta ke gudana, sai suka ga ƙwaya mai tafiya na tura na gabanta, su kuma su kewayo su turo ta daga baya, kamar juyin ruwa a bayan kwalekwale. Suka lissafa abin da dokokin gudanar ruwa na yau da kullum, ya dace. A 1970 suka buga, a shekarar kuma masu ƙa'ida suka fitar da wutsiyar a kan takarda. A nan ma hanya ta biyu ce ta raba gardama.

Bayan haka kwamfutoci suka yi ƙarfi, manhajoji suka zama kayan da ake saukewa daga intanet, kurakuran kuma suka koma ƙanana masu wuyar gani. Jan da ke tsakanin ƙwayoyi ba ya ƙarewa, amma don tsimin lokaci akan yanke shi a wani nisa, galibi ninki 2.5 na faɗin ƙwaya. Wannan ɗan yanka yana sauke zafin da gas da ruwa ke daina bambanta daga kimanin 1.31 zuwa kimanin 1.08 a ma'aunin ƙirar. Idan aka juya zuwa argon, tazara ce tsakanin digiri 157 da 130 na Kelvin. Mutum biyu na iya cewa ruwa ɗaya suka kwaikwaya alhali ruwa biyu ne. A 1992 Ferrenberg da Landau da Wong suka gwada wasu sanannun injinan fitar da lambobin ƙuri'a a kan wata ƙirar maganaɗisu da aka san amsarta daidai, suka tarar wasu na ba da amsar da ta kauce nesa da iyakar kuskuren da lissafin ke iƙirari. A 1998 aka bayyana wani ciwo da aka yi wa laƙabi da ƙanƙara mai tashi, inda wata hanyar daidaita zafi ke tsotse motsin cikin ƙwayoyi ta mayar da shi tafiyar dunƙulen gaba ɗaya, ma'aunin zafi na nuna komai lafiya, alhali abin ya sandare yana shawagi a akwati.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne cewa iyakar kuskuren da ake rubutawa kusa da sakamako tana auna rawar lambobi ne kawai, wato yadda amsa ke kai-komo daga wannan ɗauka zuwa waccan. Ba ta ganin karkatar da ke tafiya da lissafin gaba ɗaya. Ko ita rawar ma sai an yi hattara, domin hotunan da aka ɗauka a jere 'yan uwan juna ne, dubu daga cikinsu na iya zama daidai da shaida goma.

Fayafan 1953 su ne suka fi kowa jan rai. A 1962 Alder da Wainwright sun ga alamar daskarewa da fayafai 870, amma an shafe kusan shekara 50 ana jayayya a kan irin daskarewar, kowane ɓangare na da nasa lissafin kwamfuta. A 2011 Etienne Bernard da Werner Krauth a Faris suka yi aiki da fayafai sama da miliyan ɗaya da wata sabuwar dabara mai sauri, suka nuna cewa narkewar na zuwa a mataki biyu, da wani hali na tsakiya a tsakaninsu. Ciwon ayyukan baya shi ne irin na 1954: akwati ƙarami, tafiya gajera. Kuma ba a bar sabuwar dabarar ta shaidi kanta ba. A 2013 ƙungiyoyi daga Faris da Michigan da Nagoya ta Japan suka sake lissafin da hanyoyi uku mabambanta, suka sami amsa ɗaya.

A yau injiniyoyin sinadarai na neman dogaro da irin waɗannan lissafe-lissafe wajen sanin halin gas da ruwan da ke da tsada ko haɗarin aunawa, saboda haka tambayar ta fita daga hannun masu ƙa'ida kaɗai. A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da ƙungiyoyin bincike biyar suka yi a Jamus. An ba kowa aiki ɗaya, ƙira ɗaya, ƙananan sinadarai irin su itan da furofan da butan da ake dafa abinci da danginsu, aka ce kowa ya fitar da nauyi da kuzari da sanannun manhajoji takwas. Amsoshin farko suka saɓa fiye da iyakar kuskuren da kowa ya rubuta, kuma ko bayan an bi an gyara kurakuran shigar da bayanai, saɓanin bai ɓace gaba ɗaya ba. A 2019 Simon Stephan da Monika Thol da Jadran Vrabec da Hans Hasse suka tattara kimanin sakamako 35,000 da aka buga a kan ruwan Lennard-Jones tun daga farkon fannin, suka gwada kowanne da maƙwabtansa. Kimanin ɗaya cikin goma ya kauce daga sauran har ba za a iya dogara da shi ba.